Albashin ma'aikatan asibiti a Sakkwato: me ke kawo bambanci tsakanin likita, nas da sauran ma'aikata?

Ɗan Mabera:
Assalamu alaikum. Malamai, ina neman wanda ya san harkar ya warware mana wannan. Yara masu gama sakandare suna yawan tambaya wane fannin lafiya ne ya fi albashi, kowa kuma da amsar da yake ba su. Wani ya ce nas a asibitin koyarwa ta fi likitan jiha ɗauka, wani ya ce ƙarya ne. Yaya ake tsara albashin cikakken ma'aikacin asibiti, daga likita har zuwa mai ba da kati? Kuma me ya sa mutum biyu masu takarda iri ɗaya alat ɗinsu ke bambanta?

Akawun Albashi:
Wa alaikumus salam. Malam, kafin a tambayi aikin da mutum yake yi, a fara tambayar wa ya ɗauke shi. A nan Sakkwato iyayen gida huɗu ne. Akwai tarayya, wato Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da asibitin masu taɓin hankali na Kware. Akwai jiha, mai Asibitin Ƙwararru, asibitin mata da yara na Maryam Abacha da manyan asibitocin ƙananan hukumomi. Sai asibitocin sha-ka-tafi da ke matakin farko, sannan masu zaman kansu.

A tarayya ma'auni biyu ake aiki da su, dukansu sun fito a 2009 daga hukumar tsara albashi ta ƙasa. CONMESS na likitoci ne da likitocin haƙori, matakinsa bakwai. CONHESS na sauran jama'a ne, matakinsa 15: nas, ungozoma, masu haɗa magani, ma'aikatan ɗakin gwaji, masu ɗaukar hoto, masu gashin ƙashi, 'yan kati da ma'aikatan ofis. Kada lambar ta ruɗe ka. CONMESS 3 ba ƙasa yake da CONHESS 7 ba, teburin ne daban. Likitan da ya gama makaranta yana shekarar sanin makamar aiki a CONMESS 1, ƙwararren likita kuma yana tsakanin 5 da 7. A ɗaya ɓangaren, nas mai takardar makarantar koyon jinya kan fara a CONHESS 6 ko 7, gwargwadon ko takardarta ɗaya ce ko ta haɗa da ungozomanci. Masu digiri, irin su famasis da masanin ɗakin gwaji da nas mai digiri, suna shigowa wajen 8 zuwa 9. CONHESS 15 shi ne ƙololuwa, daidai da mataki na 17 a aikin gwamnati.

A cikin kowane mataki akwai sitef, wanda ke ƙaruwa ɗaya duk shekara. Ƙarin girma kuwa sai an cika wa'adi an ci jarrabawa: shekara biyu ga ƙananan ma'aikata, uku ga na tsakiya, huɗu ga manya. Saboda haka nas da ta shekara ashirin tana aiki a tarayya tana iya fin sabon likitan jiha ɗauka, amma ba don jinya ta fi likitanci tsada ba. An haɗa tsohuwar ma'aikaciya ce da sabon shiga, a gidaje biyu daban.

Abin da ya kamata a riƙe game da jiha: sakular tarayya ba ta hawa kan gwamna. Misali, ƙarin kashi 25 cikin ɗari da aka yi wa CONMESS da CONHESS daga 1 ga Yunin 2023, da kashi 35 ga matakin ƙarshe, na ma'aikatan tarayya ne. Kowace jiha ita ke yanke ko za ta bi, ko ta bi wani kaso, da ranar da za ta fara. Abin da doka ta ɗora wa kowa shi ne mafi ƙarancin albashi, naira 70,000 tun 2024.

Hajiya Matiron:
Malam Akawu ya yi bayani, Allah shi saka. Amma ni ina ganin ba a taɓo inda kuɗɗin suke ba tukuna. Tushen albashi rabin labari na, sauran yana ga alawus, kuma nan ne anka fi samun tazara.

Alawus na haɗari shekara da shekaru naira 5,000 ne ga kowa, likita da mai shara. A Disambar 2021 anka sake shi a tarayya: ma'aikatan CONHESS tsakanin 15,000 da 34,000, likitoci tsakanin 32,000 da 40,000. Ko a cikin CONHESS an raba mai taɓa majinyaci da wanda ke zaune ofis. Wanga bambanci ba shi da yawa. Mai yawan shi ne kuɗin kwana. Likita yana da kuɗin kol, wato ya gama aikin yini kuma ya kwana yana jiran kira. Famasis da na ɗakin gwaji da mai hoto su ma suna da kol, amma nasu bai kai na likita ba. Nas kuwa kuɗin shif take karɓa, na juyin safe, rana da dare, kuma shi ne ƙarami cikinsu, alhali ita ce ba ta barin gefen gado. Ƙwararren likita yana da alawus na ƙwarewa a sama da wannan. Akwai kuma na koyarwa ga waɗanda sunka kai matakin horar da ɗalibai, da na zama ƙauye ga wanda anka tura nesa da gari.

Tushen rigimar JOHESU, wato gamayyar ƙungiyoyin ma'aikatan lafiya da ba likitoci ba, ke nan. A 2014 an gyara teburin likitoci, ba a gyara na sauran ba, kuma har yajin aikin 2018 wannan buƙata na sahun gaba. A ganina suna da gaskiya. Asibiti ba ya tafiya da likita shi kaɗai. In ɗakin gwaji ya rufe, ko jini ba a iya ƙara wa mai haihuwa.

Ga yaran da kake magana, a gaya musu wani abu guda: nas mai difloma da nas mai digiri ba layi ɗaya suke bi ba. Mai digiri ce ke iya kaiwa darakta. In yarinya ta shiga aiki da difloma tana son ƙaro karatu, ta nemi izini a rubuce kafin ta fara. Da yawa sun gama digirin sun kawo takarda an ce ba a san da tafiyarsu ba, canjin layi ya tsaya.

Likitan Yara:
Hajiya, Allah ya ƙara girma, a nan zan ɗan saɓa miki. Tazarar ba son kai ba ce kawai. Karatun likita shekara shida ne, sai shekarar sanin makama, sai bautar ƙasa, sannan horon ƙwarewa da kan ci shekara biyar zuwa shida da jarrabawa kashi-kashi. Kuma in aka raba kuɗin kol da awannin da ake kwana a tsaye, musamman inda likita ɗaya ke riƙe da ɗakin da ya kamata mutum uku su riƙe, ba wani abin a zo a gani ba ne. Da ya isa, da ba a ga masu tafiya Saudiyya da Ingila haka ba. Amma kuɗin shif na nas ya yi kaɗan, wannan ban musa ba.

Abu biyu da ke ruɗa masu kwatanta albashin likitoci. Na farko, likitan da ke shekarar sanin makama ba cikakken ma'aikaci ba ne. Aikin shekara ɗaya ne, kuma tun 2021 hukumar rajistar likitoci ta ƙasa ce ke tura su asibitocin tarayya. Kada a ɗauki alat ɗinsa a matsayin ma'auni. Na biyu, manyan likitoci da yawa a asibitin koyarwa ma'aikatan jami'a ne. Jami'a ke biyan albashinsu na malanta, asibiti ya biya alawus na duba marasa lafiya, don haka takarda ɗaya ba ta nuna duk abin da suke samu.

Akawun Albashi:
Likita ya tuna mini da rabin tambayar da ban amsa ba, wato masu takarda ɗaya da alat daban. Yawanci ɗaya ne cikin waɗannan. Ko an sa mutum a matakin da bai dace ba tun a takardar ɗauka, ya sa hannu bai duba ba. Gyaran wannan yana cin watanni, kuma ba kullum ake biyan ariyas ɗin baya ba, don haka a karanta mataki da sitef kafin a karɓa. Ko an yi masa ƙarin girma a takarda amma ba a shigar da shi tsarin biya ba. Ko kuma an canza masa wurin aiki daga ɗakin kwanciya zuwa inda ba a juyin dare, kuɗin shif ya faɗi.

A tarayya sabon ma'aikaci sai an ɗauki bayanansa a IPPIS, wato tsarin biyan albashin gwamnatin tarayya, kafin ya ga kobo. In sunan da ke takardar ɗauka ya bambanta da na BVN, ko da a rubutun Muhammad da Mohammed ne, biya na iya tsayawa. A daidaita su tun kafin ranar ɗaukar bayanai.

Sai cire-cire. Fensho kashi 8 cikin ɗari ne daga ma'aikaci, gwamnati ta ɗora 10, bisa dokar 2014. A ɗauka kuɗin da ake lissafa fenshon a kai naira 200,000 ne, to 16,000 ta tafi. Asusun gidaje yana ɗaukar kashi 2.5 na albashi. Ga haraji, wanda ke zuwa asusun jihar da mutum yake zaune ko da ma'aikacin tarayya ne, ga kuɗin ƙungiya, ga bashin kofaretif in ya ci. Mutum biyu a mataki ɗaya, ɗaya na biyan bashin fili, dole alat ya bambanta. A kwatanta takardar albashi ta wata, layi da layi.

Masu shara da masu gadi a asibitocin tarayya galibi ba sa kan CONHESS ma sam, 'yan kwangila ne ke ɗaukarsu su biya su. A asibiti mai zaman kansa kuwa babu teburin da ya ɗaure mai shi, ciniki ne. Wanda zai shiga can ya nemi a rubuta masa kuɗin wata, yawan kwanan dare, da ko akwai fensho.

Ɗan Mabera:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya, saura ɗaya: izinin ƙaro karatun nan, wurin wa ake nemansa?

Hajiya Matiron:
Ta hannun shugabar sashen jinya za ta rubuta, takardar ta wuce ga hukumar asibitin in tarayya ce, ko hukumar kula da asibitoci in jiha ce. Sai an tabbatar da ita a aiki tukuna, wato bayan shekara biyu na gwaji. Ta haɗa da takardar samun gurbin karatu, kuma ta riƙe kwafin amincewar a hannunta, don shi za a nema ranar da ta dawo neman canjin layi.