Neman shawara: mai ƙididdiga ya ce aikina na damina guda ba zai lissaftu ba

Maman Hanifa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ku ba ni shawara, kwana uku ke nan ban runtsa ba. Ina digiri na biyu a fannin noma a nan Jos, bincikena kan cutar nan da ke ƙone ganyen dankalin turawa idan ruwa ya zauna. A wata gona a Bokkos na yi feshin magani duk mako, a wata kuma a Mangu duk mako biyu, iri ɗaya na shuka, Marabel. Gonar Bokkos ta kawuna ce, kyauta ya ba ni. Sarƙar aurena na sayar na sayi taki da magani. Duk Asabar da asuba nake kai yara wurin kakarsu in kama hanya. Ran nan ruwa ya tare ni, littafin da nake rubuta awo ya jiƙe sharkaf, shafi-shafi na shanya shi a bakin murhu. Tushe 40 na auna a kowace gona.

Da na kai wa mai ƙididdiga, ya ce wai tushe 80 ɗina gona biyu ce kawai, babu abin kwatantawa. Kuma in zai sa hannu sai da sunansa a takardar. Malamina shi dai so yake ya ga p ƙasa da 0.05, wato adadin da ake ɗauka a matsayin alamar cewa bambancin gonakin ba sa'a ce kawai ba. Ina zan sa kaina?

Ɗan Bukuru: Wa alaikumus salam. Hajiya canza mutum kawai. Masu SPSS, manhajar nan ta ƙididdiga, sun cika gari, kwana ɗaya za su fitar miki da tebur.

Malam na Abuja: Ɗan Bukuru, ka ji tsoron Allah, irin wannan shawarar ce ta cika ɗakunan karatu da kundin da ba ya amfanar manomi. Ƙanwata, mutumin nan gaskiya ya faɗa miki. Shekara da shekaru ina wannan aikin. A ce gonar Bokkos ta fi ba da buhu: feshin ne, ko ƙasar, ko sanyin wurin, ko ruwan da ya sauka? Duk sun cakuɗe, babu kwamfutar da za ta raba su. Tushe 40 da ke gona ɗaya ƙasa ɗaya suka ci, ruwa ɗaya suka sha. Da kin yanka kowace gona gida-gida, kin raba feshin biyu da ƙuri'a, kin maimaita ko sau huɗu, da tuni an gama. Wannan tsarin masanin ƙididdiga Ronald Fisher ya kafa shi a tashar binciken noma ta Rothamsted a Ingila, inda ya kama aiki a 1919. Shi ne kuma ya gaya wa taron masu ƙididdiga a Indiya a 1938 cewa kiran mai ƙididdiga bayan an gama gwaji kamar kiran likita ne ya duba gawa, iyakarsa ya faɗi abin da ya kashe ta. Mu kullum sai an girbe ake nemanmu.

Maman Hanifa: Malam na gode, amma ba ganganci na yi ba. Kawu ba zai yarda a bar rabin gonarsa da ƙarancin feshi ba, abincinsa ne na shekara. Kuma in ka fesa kunya ɗaya iska na kai maganin ta kusa, cutar ma haka take tsallakawa. Wannan mai ƙididdigar bai taɓa taka gonar dankali ba. Tushe 9 da na rubuta sifili ya goge su, wai kuskuren rubutu ne. Ba kuskure ba ne, ruɓewa suka yi, da hannuna na tono su.

Anti Nas: Wallahi kin tuna min. Mun tara bayanan awon ciki na shekara biyu a asibitinmu, aka kawo wani ya yi lissafi, ko sau ɗaya bai tambaye mu me ya sa rajistar wasu watanni ta zo babu komai ba. Yajin aiki ake yi lokacin. Takarda ta fito da sunaye biyar, babu nas ko ɗaya.

Malam na Abuja: Goge sifilin kuskure ne babba, wannan na yarda, tambayarki ya kamata ya yi. Amma maganar iska ai tana da magani: a bar kunyoyi a tsakani waɗanda ba a aunawa. Da kun zauna tun Afrilu kafin shuka, ke ki faɗa masa halin cutar, shi ya faɗa miki tsari. Batun suna kuma haƙƙinsa ne in ya yi aikin tunani. Ni sau nawa ana sallamata da "mun gode" a shafin ƙarshe! Shawarata ki sake gwajin.

Baban Yusra: Sakewa da wane kuɗi? 'Yar uwa, ki rubuta abin da kika gani a kowace gona yadda yake, ki faɗi cewa ba a maimaita ba. In kina da ranar da cutar ta fara bayyana, wannan ma ilimi ne.

Malam na Abuja: Mai jarrabawa daga waje ba zai karɓa ba.

Ɗan Bukuru: To ko ta yi na rani a fadama?

Maman Hanifa: Cutar sai da laima da sanyi take tashi, da rani ba zan same ta yadda nake so ba. Jiran wata damina kuma kuɗin makaranta ne na wata shekara, maigidana ya riga ya yi iya ƙoƙarinsa. Ni har yanzu ina ganin tushe 80 ba abin zubarwa ba ne. Litinin zan ga malamina. Malam, in na turo maka hoton littafin za ka duba min? Wasu shafukan tawadar ta ɗan baje.