Tamfol a kwale-kwale a dam ɗin Daɗin Kowa: in kafa ko in haƙura?

Ɗan Hinna: Salamu alaikum. Kwale-kwalen katako gare ni, ƙafa 24, ina tsallako da buhunan shinkafa daga gona. Mai ya gagara, ina so in kafa sanda da tamfol iska ta riƙa tura mu. In iska ta ƙaru muna tsakiyar ruwa, yaya ake rage tamfol ɗin? Ƙanena nake tafiya da shi, kuma bai iya iyo ba.

Baban Ikram: Sayi Yamaha mai doki 15 ka huta.

Ɗan Hinna: Injin ina da shi, Yaya. Mai ne babu.

Baffa Masunci: Wa alaikumus salam, ɗana. Sandar kada ta wuce rabin tsawon jirgin. A naka ƙafa 10 ta isa. Ka kafa ta kusa da goshi, ta ratsa ta cikin katakon da aka gicciya, gindinta ya zauna a gurbi, yadda za ka iya zare ta da hannu. Ragewa kuwa tun wurin tela ake shirya ta. Ya ɗinka maka gajerun igiyoyi layi biyu a kwance a jikin tamfol, kamu ɗaya tsakanin igiya da igiya, kowace da faci gaba da baya, don ta nan yake fara yagewa. Da ka ga farar kumfa a kan igiyar ruwa, lokaci ya yi. Juya goshi ya fuskanci iska, saki igiyar hannu mai riƙe kusurwar baya tamfol ya yi ta kaɗawa, sassauto shi ƙasa, ɗaure kusurwar da ke jikin sanda, sai ta baya, sannan ka naɗe rarar ka ɗaure gajerun igiyoyin na tsakiya. In ka fara da na tsakiya duk nauyin iska a kansu zai sauka. Duk a durƙushe ake yi.

Kafinta Bajoga: Baffa ya bar babba. Igiyar da ke riƙe kusurwar baya ba a ƙulle ta a jikin jirgi, a hannu take zama. In ta kama dole, ɗaurin zarge, wanda fizga ɗaya ke kwancewa. Kuma kwale-kwalenmu shafaffen ciki ne, ba abin da ke riƙe shi a ƙarƙashin ruwa. Iskar baya kawai yake so. Ta buge shi a haƙarƙari da tamfol a ɗaure, kifewa zai yi kafin ka ce kwabo.

Autan Deba: Wato ban da ɗaurin huhun goro. Ni dai babbar rigar Baban Ikram za a ara, ta fi tamfol kama iska.

Maman Walid: Ku kuna raha. A unguwarmu akwai matar da hadarin farkon damina ya cinye mata 'ya'ya biyu rana ɗaya. Sun ga gabas ta haɗe suka ce za su riga shi. Iskar da ke gaban ruwan sama ita ta iso da ƙura, buhuna an jibge su sama da bakin jirgi, ƙaramin ya miƙe zai sauke tamfol, jirgin ya kife. Katakon bai nutse ba, washegari an same shi yana yawo. Da sun rungume shi da wataƙila suna nan. Babban ya iya ruwa, ya nufi gaɓa yana jan ƙanensa. Ko rigar ruwa ɗaya babu a jirgin. Har yau uwar ba ta cin kifin dam.

Baffa Masunci: Allah ya jiƙansu. Hadarin watan 4 zuwa na 6 daga gabas yake tasowa, kuma ba a rage masa tamfol, sauke komai ake yi har sandar, saboda tsawa. Sai filafili, a nufi gaɓar da ta fi kusa, goshi na yankar igiyar ruwa a ɗan karkace.

Ɗan Hinna: Amin. Rigar ruwan nawa take yanzu?

Baban Ikram: Naira 9,000 a kasuwar Gombe.

Kafinta Bajoga: Ta 9,000 soson katifa ne a ciki, tana shan ruwa ta yi nauyi. Ta ƙwarai mai maɗauri ta tsakanin cinyoyi ba ta kasa 22,000 ba. In babu wannan maɗaurin, rigar kan subuce ta kai.

Autan Deba: An sayo gwanjo 6,500 makon jiya.

Baffa Masunci: Ko nawa ce, a gwada ta a ruwa iya ƙirji. Jarka mai lita 25 in an toshe ta da kyau tana ɗaga kusan kilo 25. Ɗaure huɗu ƙarƙashin katakan zama. Wata ka yanka ta zama abin kwarfe ruwa, ita ma da igiya. Lodi kuwa ya bar aƙalla taƙi ɗaya tsakanin ruwa da bakin jirgi.

Baban Ikram: Jarka ba doka ba ce. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa rigar ruwa ta wajabta, ta kuma hana tafiyar dare.

Kafinta Bajoga: Kai da ko kududdufi ba ka taɓa tsallakawa ba kake gyara wa Baffa? Tun da aka tare kogin Gongola a 1984 irin su ke cikin ruwan nan.

Baban Ikram: Gwanaye ma ai suna nutsewa. Baffa bai ce a bar riga ba, ni ma ban ce a bar jarka ba.

Maman Walid: Rigunan da ake cewa an raba kyauta fa? A rediyo muke ji. Ranar rabo a ɗauki hoto, bayan nan sai ka gan su a kasuwa.

Autan Deba: To ga inda tawa ta 6,500 ta fito.

Kafinta Bajoga: Ni iska ba ta dame ni kamar dorina ba. Tamfol ba ya ƙara, sai ka iske kanka a kanta ba ta ji zuwanka ba, in da ɗa a gefenta kuwa sai addu'a. Ga shinkafar Hinna da suke kwana suna ci, an kai kuka har an gaji.

Baban Ikram: Kuma in ka taɓa ta kai za a kama.

Ɗan Hinna: Tawa ma sun shiga bara. Amma Baffa, tamfol ɗin ƙafa nawa zan sa tela ya yanka?

Maman Walid: Ka fara koya wa yaron nan iyo tukuna.