Tambaya a kan hukuncin kiɗa: me ya sa malamai suka saɓa?

Ɗan Zariya: Assalamu alaikum. A bikin ƙanwata mahaifinmu ya hana a kawo mai fiyano, amma ya bar mata suka yi kiɗan ƙwarya a cikin gida, kuma kawunmu ɗan Ƙadiriyya ne da ke buga bandiri a wajen zikiri. Ina neman malamai su bayyana mini tushen wannan bambanci, domin abin ya daɗe yana damuna.

Almajirin Zaure: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Saɓanin tsoho ne. Masu haramtawa, waɗanda su ne mafi rinjaye a mazhabobi huɗu, suna kafa hujja da aya ta 6 a Suratu Luƙman, inda Abdullahi ɗan Mas'ud ya fassara "lahwal hadisi" da waƙa, da kuma hadisin Buhari da ya ambaci mutanen da za su halatta zina da alhariri da giya da kayan kiɗa. Risala, littafin fiƙihun Malikiyya da muke karantawa a zaure, ita ma ta hana sauraren kayan kiɗa da gangan. Ibnu Hazmi na Andalus kuwa, wanda ya rasu a 1064, ya ce isnadin wannan hadisi na Buhari, wato jerin masu ruwaito shi, yankakke ne, don haka ya halatta kiɗa, ko da yake malaman hadisi da suka zo bayansa sun mayar masa da martani. Imam Gazali a cikin littafinsa Ihya'u ya rataya hukuncin a kan abin da waƙar ta ƙunsa da halin mai saurare.

Uwar Gida: Ni a ganina Baba bai yi tufka da warwara ba. Nana A'isha ta ruwaito cewa 'yan mata biyu suna waƙa a ɗakinta ranar idi, Sayyidina Abubakar ya tsawata musu, Annabi (SAW) ya ce ya ƙyale su, kuma duffi, wato ganga mai fuska ɗaya, a wajen aure kusan kowa ya yarda da shi. Wataƙila a sahun duffi ya sanya kiɗan ƙwarya, alhali fiyano a wajen biki yakan jawo cakuɗuwar maza da mata da rawa har tsakar dare.

Almajirin Zaure: Haka ne, Hajiya. Batun bandiri kuma daban yake, domin masu inkarinsa, musamman tun kafuwar Izala a Jos a 1978, suna sukar shigar da shi cikin ibada ne, su kuwa 'yan ɗariƙa suna ƙiyasta shi da duffi.

Ɗan Zariya: Na gode, Allah ya saka da alheri. Zan nemi babin da ke Risala in karanta shi a gaban malaminmu.