Tenue da Hausa: kaki za mu ce, ko kayan sarki, ko shiga?

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Kalma guda ta tsaya mini a rai, ina so mu haɗa kai mu tsayar da Hausarta kafin Litinin.

Ina fassara labarai daga Faransanci a wani gidan rediyo nan Maraɗi. Makon jiya aka miƙo mini takarda a kan jami'an tsaro, ciki akwai inda aka ce wajibi ne jami'i ya fito gaban jama'a da "tenue" marar aibi. Na rubuta "kaki mai tsabta", na karanta, aka rufe labarai. Har na kai gida raina bai kwanta ba, don na san rabin maganar na isar. Wanda ya yi lakwal, wato makarantar boko, ya san in mushe, wato malami, ya ce yaro ba shi da tenu, ba rigarsa yake nufi ba, yana nufin bai iya riƙe kansa ba: zamansa, tsayuwarsa, yadda yake amsa magana. Tushen kalmar ma "tenir" ne, wato riƙewa. Kalma ɗaya ta ɗauki tufa ta ɗauki hali, ni kuwa na kawo tufar na bar halin a hanya.

Tun da kundin sake gina ƙasar Nijar na watan Maris 2025 ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki, irin waɗannan takardu za su yi ta zuwa hannunmu. Kalmar da muka saka yau a rediyo ita mutanen Madarunfa da Gidan Runji za su maimaita gobe. Shi ya sa ba na son in yi ta da ka.

Kaki ba tamu ba ce tun asali, amma ta zauna. Daga Indiya ta fito, tushenta kalmar Farisanci mai nufin ƙura, kuma sojojin Ingila na can suka fara sa tufa mai launin ƙasa a shekarun 1840 don kada a hango su daga nesa. Yau ko rigar shuɗiya ce ko mai dabbare-dabbare, kaki muke ce mata. Matsalarta ɗaya: yadi ce kawai. Ɓarawo ma yana iya sayen kaki. "Inifam" kuwa ta ƴan'uwanmu na Najeriya, ƙetaren Ɗan Isa, ce, a nan ba kowace tsohuwa za ta gane ta ba. Me kuka gani?

Wani dattijo, tsohon ma'aikacin ɗamara, daga Tibiri:

Wa alaikumus salam ɗana. Kalmar da kake nema tana nan tun kakanni: kayan sarki. Da munka shiga aiki, haka mutane ke ce muna, masu kayan sarki. Ranar da anka ba ni nawa, mahaifiyata ba ta bari na aje su bisa tabarma ba, sai da ta shimfiɗa zane. Kowace safiya a jere muke, babba na bi yana duba mu ɗaya bayan ɗaya, daga hula har igiyar takalmi. Maɓalli guda ya ɓace, ka san ranar ba ta yi maka kyau ba. Da dutsin guga na gawayi muke fidda karin wando. Ba a yarda a gan ka hannu cikin aljihu ba, ba a yarda ka ci abinci tsaye bakin hanya da hula a kanka ba. In ka ce kayan sarki, ka faɗi cewa rigar ba taka ba ce, aro anka ba ka, kuma mai ita na iya karɓe abinsa. Wannan shi ne ladabin da kake cewa ya ɓace cikin fassararka.

Amsata:

Baba, Allah ya ƙara girma. Maganar aro ta shige ni, ban taɓa kallonta ta nan ba. Kuma gaskiya kalmar tana da saiwa a garin nan. Har gobe in dogaran Sarkin Katsinan Maraɗi suka fito ranar hawan salla da jajayen riguna da rawuna, ba sai an yi wa kowa bayani ba, ana ganinsu an san ikon wa suke ɗauke da shi. A Najeriya ma daga dogarai aka fitar da ƴan doka na zamanin En'e, kafin a haɗe su da ƴan sandan tarayya a ƙarshen shekarun 1960.

Sai dai ga inda nake jin tsoronta, Baba. Ku yi mini haƙuri in na yi kuskure. A bakin talaka, "kayan sarki" tana tafe da fargaba. Kakata in ta ce "ga masu kayan sarki nan", ba murna take yi ba, tuna mata take da gardawan kwamandan na zamanin Nasara, masu zuwa karɓar haraji da kamun mutane aikin tilas. Kalmar tana gaya wa mutum wa zai ji tsoro. Takardar da nake fassarawa kuwa jami'in take yi wa magana, tana gaya masa abin da jama'a ke binsa bashi. Fuskokin biyu ba ɗaya ba ne.

Wata malamar makaranta daga unguwar Zariya:

Malam, me zai hana "sutura"? Tana nufin tufa, tana nufin rufin asiri, ga mutunci a cikinta.

Amsata:

Malama, na so ta ƙwarai, ita na fara rubutawa a gefen takarda. Amma ki gwada ta a jimlar labarai: "an yi wa jami'an tsaro sabuwar sutura". A lokacin da muke ciki, da ake rasa jami'ai a bakin daga, mai saurare zai ɗauka jana'iza ake faɗi. Ba zan iya karanta wannan a iska ba.

Wani tela daga Sabon Gari:

Ni dai mai ɗinki ne, ba malami ba, amma kakin nan yana ratsa kekena kullum. Samarin jami'ai suna kawo mini nasu in rage, wannan ya ce a matse hannu, wancan ya ce a tsuke ƙafar wando. Na da kuwa yadda aka ba su haka suke sa shi, sai dai guga. Ban ce laifi ba ne, sarki goma zamani goma. Abin da ya fi damuna wani ne: ka shiga wajen masu gwanjo, za ka tarar da riga mai dabbare-dabbare, kowane yaro yana iya saye. Mutanenmu na ƙauyukan bakin iyaka, wajen Gabi da Safo, da suka sha wahalar ƴan bindiga, in suka hango mai irin wannan riga bisa babur da dare, ba su san ko gudu za su yi ko godiya ba. To in yadi ya zama na kowa, da me za a gane na gwamnati? Sai da hali. Mu a shago in mutum ya sa kaya sun zauna masa, kuma ya tafi da su yadda ya kamata, cewa muke "ya yi shiga". Ban sani ba ko za ta yi maka.

Amsata:

Maigida, ina jin ka kawo ta. Tun da na karanta amsarka nake juya kalmar, kuma duk inda na juya ta sai in ga ta tsaya.

Ku duba yadda muke amfani da ita. Muna cewa shigar mutunci, shigar kamala, shigar banza, shigar malamai, shigar ƴan tauri. A duk waɗannan ba yadi kaɗai muke aunawa ba. In aka ce mutum ya yi shigar kamala, an haɗa rigarsa da tafiyarsa da yadda ya yi sallama. Har wanda ya sa kayan da ba nasa ba don ya yaudari mutane muna da sunan abin da ya yi, shigar burtu, daga maharbin da ke ɗaura kan burtu a goshi yana rarrafe don namun daji su sake da shi. Wannan kuwa shi ne abin da tela ya kwatanta na masu babur da dare. Sannan kalmar tana da ɗaya fuskar da kowa ya sani, shiga cikin mutane. Ɗan sanda aikinsa ke nan, ya shiga kasuwa, ya shiga tasha, ya shiga tsakanin masu faɗa. Abin da ya sa a jiki da yadda ya shigo, duk shiga ce.

Bari in faɗi abin da na gani da idona, wanda shi ya sa maganar ta dame ni haka. Ranar wata Juma'a, cin kasuwar gari, na ɗauko kawuna a babur. A wata mararraba wani matashin jami'i ya tsayar da mu. Kafin ya ce komai sai da ya cire baƙin tabarau, ya ɗan rusuna ya ce, "Baba, ina wuni? A yi haƙuri, takardun babur za mu duba." Ya duba, ya miƙo da hannu biyu. Rigarsa ta koɗe, rana ta ci kafaɗunta. Da muka wuce kawu ya ce, "Wannan yaro ɗan mutane ne." Wata rana kuma a wani shinge kan hanya, wani mai kaki sabo fil, takalmi na ƙyalli, ya kira dattijo sa'an mahaifinsa da "kai, zo nan" yana taunar cingam. Motar ta yi tsit, na ga dattijon ya sunkuyar da kai, kuma har yau abin yana ci mini rai. In na ce "kaki mai tsabta", na biyun ne ya cika sharaɗi. In na ce "shigar kamala", na farkon ne, kuma duk wanda ke cikin motar nan zai yarda da ni.

Wani ɗalibi daga jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo:

Yaya, ina goyon bayan shiga, kuma tarihin aikin ma yana bayanta. Da Robert Peel ya kafa ƴan sandan Landan a 1829, da gangan aka sa musu shuɗi don kada su yi kama da sojoji masu jajayen riguna, aka sa sandarsu a aljihun bayan riga inda ba a gani, aka kuma liƙa wa kowa lamba a wuyan riga don wanda aka zalunta ya san wa zai kai ƙara. A Faransa tun 1 ga Janairun 2014 ɗan sanda da jandarma suna ɗauke da lamba mai alƙaluma 7 a kaki, kuma dokar ladabin aikinsu da ta fara aiki a 2014 ta ce su kira mutane da "vous", wato "ku" na girmamawa. Ka ga tufa da magana a takarda guda. Abin da ake yarda da shi a jiki kuma yana sauyawa: Kanada ta bar ƴan addinin Sikh su sa rawani a aikin ɗan sanda tun 1990, Najeriya ta yarda mata ƴan sanda su sa ɗankwali ƙarƙashin hula a watan Maris 2022. Amma ina da ja guda. In ka ce "shigar aiki", mai saurare zai ji kamar "shiga aiki", wato ɗaukar sababbin ma'aikata.

Amsata:

Ƙanena, ja naka daidai ne, a rediyo babu wanda ke ganin harafin r, kuma mai sauraro yana tsakiyar surutun gida. Mu bar "shigar aiki". Inda takarda ke nufin kayan da doka ta tsara, hula kaza, ɗamara kaza, lamba a wuri kaza, sai mu ce shigar ƙa'ida. Inda take nufin jami'i ya fito tsaf kuma ya riƙe kansa, shigar kamala. Wanda ke aiki ba da kaki ba, farin kaya ta riga ta zauna, ba sai mun taɓa ta ba.

Batun ɗankwali da ka kawo ya ƙara mini ƙarfi. A gari irin Maraɗi, mace mai kaki da ta rufe kanta, ko jami'in da ya tsaya ya gaida manya kafin ya nemi takarda, ba su rage komai daga kwarjinin hukuma ba a idon mutane. Kowace ƙasa da abin da take kira kamala, kuma kalmar shiga tana barin wannan ƙofa a buɗe, abin da kaki ba ta iya yi.

Dattijon Tibiri ya dawo:

Ɗana, na ji hujjarka, kuma ban ƙi ba. Abin da kakarka ta gani gaskiya ne, mu ma mun taras da wannan tsoro, wasunmu kuma sun ci da shi, Allah ya yafe muna. Roƙona guda: kada ku kashe "kayan sarki". In ana maganar mutanen, polis da jandarma da gardi da soja, ku bar mu da sunanmu. Yaron da ya san kayan na sarki ne ba ya zama da su a mashaya.

Amsata:

Na karɓa, Baba, da hannu biyu. Abin da Faransanci ke kira "porteurs de tenue" zai zauna masu kayan sarki, ko ma'aikatan ɗamara, yadda kuka saba. Kaki ta tsaya a kan yadi da ɗinki, can wajen maigida tela.

Ga yadda na gyara jimlar, haka zan karanta ta ranar Litinin in Allah ya kai mu: "Wajibi ne kowane mai kayan sarki ya fito gaban jama'a cikin shigar ƙa'ida da kamala, a tufafinsa da harshensa." Malama, ke da kike koyar da Hausa, ki duba mini ko "a tufafinsa da harshensa" ta zama maimaici, in cire ta kafin in kai wa shugaban sashe.