Fitilar zenon ta ƙi mutuwa bayan walƙiya, kuma bakinta yana yin baƙi

Ɗalibin Lantarki:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana a kan wata da'ira da na haɗa domin kunna fitilar walƙiya ta zenon, irin siririyar kwalbar nan da ake samu a cikin tsohon filashin kyamara. Wutar gida ta bolt 220 na bi da ita ta diyod huɗu (masu barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai), sai na samu kusan bolt 310, na shigar da ita cikin kafasita (ma'ajiyar caji) mai mikrofarad 220 ta hanyar rizisto (mai rage gudun wuta) mai om 220. Ƙaramar taransifomar da ke tayar da fitilar kuma SCR, wato wani makunnin lantarki, ce take buga ta, sau 5 a kowace daƙiƙa. Fitilar tana walƙiya, amma sau da yawa ba ta mutuwa bayan ta haska, sai wani siririn zaren haske ya tsaya a cikinta, rizisto ɗin kuma ya yi zafin da har allon da ke ƙarƙashinsa ya fara ƙauri. Yanzu gefe ɗaya na kwalbar ya yi baƙi kamar an shafa masa kunkunniya. Ina ne na yi kuskure?

Injiniya Mai Ritaya:

Wa alaikumus salam, ɗana. Matsaloli biyu ne suka haɗe maka, kuma lissafi zai nuna maka su. Ƙarfin da kafasita take ajiyewa shi ne rabin girmanta sau bolt sau bolt, wato a naka kusan jul 10 da rabi a kowace walƙiya. Idan ka maimaita sau 5 a daƙiƙa, kana zuba wa kwalbar fiye da wat 50, alhali an ƙera ta ne domin ta haska sau ɗaya ta huta har mai hoto ya sake shiri. Baƙin da ka gani ƙarfen ƙafar fitilar ne yake ƙonewa yana mannewa a jikin gilashi, kuma idan ka ci gaba a haka kwalbar za ta tsage. Rizisto ɗin ma yana ƙone kusan adadin ƙarfin da yake isarwa cikin kafasita, shi ya sa allonka yake ƙauri.

Zaren hasken kuwa, dalilinsa shi ne iskar zenon ba ta komawa yadda take nan take bayan walƙiya, tana ɗaukar ɗan lokaci tana iya wuce da wuta. A daidai wannan lokacin kafasitarka ba komai a cikinta, don haka wutar gida tana iya tura fiye da amfiya ɗaya ta cikin om 220, kuma wannan ya isa ya riƙe fitilar a kunne, ta hana kafasita sake cika. Shawarata ita ce ka sauko zuwa mikrofarad 10, wadda za ta ba ka kusan rabin jul, ka ɗaga rizisto zuwa om 4,700. Mafi kyau daga wannan shi ne ka sa taransisto da zai katse cajin na ɗan lokaci bayan kowace walƙiya, har iskar ta huce.

Mai Gyaran Na'urorin Asibiti:

Ina goyon bayan abin da Baba Injiniya ya faɗa, sai dai abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne babu wata taransifoma da ta raba da'irarka da wutar gida, ma'ana kowace waya a kan allon tana iya kashe mutum, har wadda kake ɗauka ta ƙasa ce. Kafasitar kuma tana riƙe caji bayan an zare soket. Ka ɗaura mata rizisto mai om 220,000 domin ya riƙa tsiyaye ta, ka kuma auna da mita kafin ka kai hannu. Kada ka haɗe ƙafafunta da sukundireba, domin na taɓa ganin tartsatsin ya cinye bakin ƙarfen, ya kuma lalata kafasitar. Sannan walƙiya sau 5 a daƙiƙa tana cikin saurin da ke iya tayar wa wasu masu farfaɗiya da ciwonsu, don haka ka lura da waɗanda ke ɗakin.

Malamar Fizik:

Zan ƙara da abu ɗaya, saboda zaren hasken da ya dame ka, a manyan na'urori da gangan ake samar da shi. Tun lesa (na'urar fitar da siririn haske mai ƙarfi) ta farko da Theodore Maiman ya kunna a Amurka a 1960, fitilar zenon ce take ciyar da sandar yaƙutu da haske, kuma har yau lesar Nd:YAG (masu amfani da sandar wani kiristal daban) da yawa da fitilar walƙiya suke aiki. A cikinsu ana barin 'yar ƙaramar wuta tana gudana a fitilar koyaushe, ta yadda ba sai an sake buga mata dubban bolt a kowace walƙiya ba, wanda hakan yake tsawaita rayuwarta. Bambancin shi ne a can akwai makunni, kamar IGBT (wani irin taransisto) ko SCR, tsakanin babbar kafasita da fitilar, shi yake yanke lokacin da ƙarfin zai fita. Ana kuma sa kwil, wato naɗaɗɗiyar waya, a jere da kafasita domin wutar ta hau a hankali ta sauka a hankali, a zaɓi girmansa yadda ba za ta juyo da baya ba, domin wutar da ta juyo tana cin ƙafar da ba a ƙera ta don haka ba. Ka duba ma ko ka juya ƙafafun fitilar, domin tana da gaba da baya.

Ɗalibin Lantarki:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Na sauya kafasita da rizisto kamar yadda Baba ya ce, na sa na tsiyayewa, kuma na bar fitilar tana aiki minti 20 ba tare da ta maƙale ko sau ɗaya ba. Ƙafafun a daidai suke. Ba zan sake kunna ta ba sai na samo taransifomar da za ta raba ni da wutar gida. Malama, yaya ake lissafin girman kwil ɗin idan an san tsawon kwalbar da faɗin cikinta?