Abin da aka tattauna kan haɗa ƙaramar tirela, wadda mota ke ja, da kuɗi kaɗan

1. Baki ya zo ɗaya: tsohon aksul (sandar ƙarfen da ke riƙe tayoyi) mai lafiya ya wadatar, amma a sake boris da tayoyi.
2. A ɗiɗɗiga walda tukuna, a auna firam a gicciye, daga kusurwa zuwa kusurwa, ta ɓangarori biyu. Sai awo biyun sun yi daidai a kammala waldar gaba ɗaya, don zafi na murɗa ƙarfe.
3. Aksul ya ɗan koma baya da tsakiya, kashi 10 zuwa 15 na nauyi ya sauka kan mahaɗar mota, wato inda ake maƙala tirelar. Idan bai kai ba, tirela za ta riƙa lilo a guje. Nan ne ba wasa.
4. An rabu kan daɓe: wasu katako don araha, wasu farantin ƙarfe don ƙarko.

Sarƙar tsaro da fitilun baya kuwa, ba wanda ya yi musun cewa ana buƙatarsu.