Agustan 2023: kuna ina lokacin da ECOWAS ta ce za ta shiga Nijar da yaƙi?

Direban Illela: Salamu alaikum. Gardama ta kaure a majalisarmu kan wa'adin mako guda da ECOWAS ta ba Janar Tchiani ya mayar da Shugaba Bazoum kan mulki bayan juyin mulkin 26 ga Yuli. Kowa ya faɗi abin da ya gani da idonsa. Ni dai rufe boda ya ritsa da ni a Ƙonni da lodin albasar Galmi. Muna kwance ƙarƙashin mota, ruwan albasa na ɗiga daga buhuna, ga wari, mai kaya na ta bugo waya yana kuka. A wajenmu an yi yaƙin ai, harsashi ne kawai ba a harba ba.

Hajiyar Maraɗi: Wallahi ɗana, gaskiyarka. Da Najeriya ta yanke mana kuran, wato wutar lantarki, sana'ata ta ƙanƙara ta mutu murus. Ɗiyata na aure a Jibiya, ta haihu a watan. Kan babur na bi ta daji cikin damina na je suna. Sojan da za a turo ya harbe mu, wataƙila surukin wani ne a unguwarmu.

Ɗan Fagge: Da ni aka yi zanga-zangar Kano, tutar Najeriya a hannu ɗaya, ta Nijar a ɗayan. Ba don Tchiani na fita ba. Kakata 'yar Damagaram ce.

Malamin Tawa: Ku yi haƙuri, ni Bazoum na zaɓa, kuma a lokacin ko a fada ba ka isa ka faɗi haka ba. Duk masu cewa "ba ma son yaƙi", ban ji wanda ya ƙara da "a saki mutumin" ba. A Gambiya a 2017 sojan CEDEAO, wato ECOWAS, sun shiga, Jammeh ya tattara ya tafi. Ƙuri'ata fa, wa zai biya ni?

Tsohon Soja: Malam, Gambiya nawa take? Mali da Burkina Faso sun fito fili sun ce wanda ya taɓa Nijar ya taɓa su. Ina cikin ECOMOG, rundunar ECOWAS, a Laberiya. A 1990 aka shiga da sunan raba faɗa, shekaru aka kwashe ana kwaso gawa. Ranar da Majalisar Dattawan Najeriya ta ƙi goyon bayan tura soja Nijar, sai da na yi sujada.

Malamin Tawa: Na ji, Baba, ban ce a zubar da jini ba. Amma Janar Abdulsalami ya zo, Sarkin Musulmi ya zo, Sanusi ya zo, malamai sun zo, an ɗage takunkumi a Fabrairun 2024, ba a saki Bazoum ba.

Direban Illela: Hajiya, a lokacin, kuɗi nawa 'yan babur suka karɓa daga Ɗan Isa zuwa Jibiya?